Na samu gurbin LLM a dokar fasahar zamani, ga aiki ga iyali: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni lauya ne a Kaduna, shekarata biyar ina aiki a wani ofishin lauyoyi. Wata jami'a a Birtaniya ta ba ni gurbin digiri na biyu, wato LLM, a fannin dokar fasahar zamani, karatu ta intanet. Sai dai gurbin mai sharaɗi ne: suna jiran cikakken sakamakon digirina na farko da shaidar iya Turanci. Sun ce in zaɓa ko in gama a shekara ɗaya, ko biyu, ko uku. Ina da mata da 'ya'ya biyu, kusan kullum ina kotu, kuɗin kuma da fam ake biya. Zuciyata na raya min in ɗauki shekara ɗaya in huta. Yaya zan tafiyar da rajista da zaɓen darussa da karatun kansa ba tare da na yi asarar kuɗina ko aikina ba? Ko kuwa gara in haƙura in nemi tallafi in tafi can in yi?"

Wa alaikumus salam Barista, Allah ya sanya albarka a wannan gurbi. In na fahimce ka, abu uku kake nema: yadda za ka mayar da gurbi mai sharaɗi ya zama cikakkiyar rajista, nauyin da ya kamata ka ɗora wa kanka kowane zango, da yadda za ka yi karatun kana kuma zuwa kotu. Bari in fara da hukuncin kafin dalilai, kamar yadda alƙalai kan yi in lokaci ya ƙure: kada ka ɗauki shekara ɗaya.

Na yi irin wannan karatu, na kuma daɗe ina duba takardun ƙannenmu da ke nemansa da rubuce-rubucen waɗanda suka shiga. A cikin waɗanda suka fara ba su ƙarasa ba, da wuya ka sami wanda karatun ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya tsallake makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ko Bwari, ba dokar kare bayanai ta Turai ce za ta kayar da shi ba. Abin da ke kayar da mutane wa'adi ne da ya wuce ba su ankara ba, kuɗin zango da bai shiga ba, da kuma yin shiru har sai abu ya lalace sannan a rubuta wa jami'a. Duk abin da zan faɗa a kan wannan yake tafe.

Lissafin awanni

Digiri na biyu a Birtaniya kiredit 180 ne. Galibi 120 na darussan aji ne, 60 na kundin bincike. A tsarinsu kowane kiredit ɗaya na nufin kimanin awa goma na aiki, har da karatu da tattaunawa da rubutu. Ke nan LLM ɗinka awa 1,800 ne. Ka raba shi da makonni 52, za ka sami kusan awa 35 a mako. Cikakken aiki ne na mutum guda, ba hutu ba Sallah. Kai kuma kana da wani cikakken aikin a ofis.

Kuma awannin ba a shimfiɗe suke daidai a shekara ba. Ɗauki tsarin Jami'ar Edinburgh, wadda ta daɗe tana koyar da wannan fanni ta intanet: darussa shida, kowanne kiredit 20, sai kundi mai kalmomi dubu goma. Darasi ɗaya awa 200 ke nan, a cikin zangon da bai wuce makonni goma sha biyar ba in ka haɗa da lokacin rubuta aikin ƙarshe. Darasi ɗaya na cin awa 13 a mako, biyu awa 26, uku awa 40. Mai shekara ɗaya uku yake ɗauka a zango. Yanzu ka buɗe littafin da kake rubuta ranakun zaman kotu, ka duba watanni uku da suka wuce, ka nemo makon da ya fi kowanne muni, wanda aka sa maka sauraron shari'a a Kaduna ran Talata da wata a Abuja ran Alhamis, ga rubutacciyar hujja da babban lauyanku ke so kafin Juma'a. Awa nawa suka rage maka a wannan makon? Da shi za ka auna, domin ranar miƙa aiki ba ta san makon da ka samu sarari ba.

A ganina, mai aiki irin naka ya yi rajistar mafi tsawon wa'adin da aka ba shi, ya fara da darasi ɗaya a zangon farko. In ya ga da sauƙi ya ƙara. Dalilin shi ne, neman gaggauta karatu ya fi neman sassauci sauƙi a wurin jami'a, ga shi kuma wanda ya faɗi darasi ya sake, a jami'o'i da dama makinsa ba ya wuce 50 ko da amsarsa ta cancanci 75. Makin cin darasi a wannan mataki 50 ne, 60 yabo, 70 fifiko. Darasi ɗaya da aka daskarar a 50 na iya ja da matsakaicin makinka ƙasa har ya hana ka fifikon da za ka buƙata in wata rana ka nemi digirin digirgir.

Wasu abubuwa biyu na kalandarmu su ma a saka su a lissafi. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa ne a Fabrairu da Maris, tsakiyar zango na biyu, don haka in akwai zangon da za ka sassauta wa kanka, shi ne wannan. Na biyu, in ofishinku na karɓar ƙararrakin zaɓe, ka san sashe na 285 na kundin tsarin mulki ya ba kotun sauraron ƙorafin zaɓe kwana 180 ne kacal. Wanda ya taɓa shiga wannan aiki ya san ba a barci, balle karatu. Kada kundin bincikenka ya haɗu da wannan lokaci. Abin da ke taimakonka kuwa shi ne hutun shekara na kotuna, daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba, wanda ke dacewa da makonnin ƙarshe na rubuta kundi ga wanda zai miƙa a Agusta.

Daga gurbi mai sharaɗi zuwa rajista

Gurbi mai sharaɗi alkawari ne da aka rataya a kan wani abu, kuma sharaɗin na da ranar ƙarewa. Abin da ya fi ɓata wa mutanenmu lokaci shi ne cikakken sakamakon digiri na farko, domin ba a hannunka yake ba, yana ofishin rajista na tsohuwar jami'arka. Ka nema yau. Ka tambayi jami'ar Birtaniya a rubuce ko za ta karɓi kwafin da ka ɗora da kanka, ko sai tsohuwar jami'ar ta aiko kai tsaye daga adireshinta. In kana da wanda ka sani a can, ya riƙa leƙawa ofishin. Fayil ɗin da ba mai bibiyarsa yakan kwana a kan tebur.

Shaidar Turanci: kwasa-kwasan shari'a a manyan jami'o'insu kan nemi maki 7.0 a jarrabawar IELTS, da ƙaramin makin da ba za a gaza ba a kowane ɓangare, musamman rubutu. Sakamakon na aiki ne shekara biyu. Wasu jami'o'i kan yafe wa wanda ya yi digirinsa da Turanci ko ya ci Turanci a WAEC, wasu ba sa yafewa, wani lokaci ma a jami'a ɗaya sashen shari'a ya fi sauran tsanani. Kada ka dogara da abin da wani abokinka ya samu a wani sashe. Wasiƙar gurbinka ce hujja.

Sai batun suna, wanda ke kama da wasa amma yakan tsayar da rajista. Takardar WAEC ta ce Mohammed, digiri ya ce Muhammad, fasfo ya sa sunan kaka a matsayin sunan iyali, takardar kira zuwa aikin lauya kuma ta jera su wani iri. Ma'aikaciyar da ke duba fayil ɗinka a can ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Ka yi rajista da sunan da ke fasfo, harafi da harafi, ka haɗa takardar rantsuwa ta kotu da ke bayanin bambancin tun kafin a tambaye ka. Sunan da ka shigar shi za a buga a shaidar digiri, kuma gyara shi bayan an yaye ka wahala ce.

Karɓar gurbi daban, rajista daban. Bayan ka danna amincewa akwai tabbatar da kai wane ne, da yarda da ƙa'idojin jami'a, da tsarin biyan kuɗi, sai an gama waɗannan za a buɗe maka ɗakin karatu na intanet da adireshin imel na jami'a. Wannan imel ka sa shi a wayarka ranar da ka same shi. Daga ranar jami'a ba za ta ƙara rubuto maka ta tsohon adireshinka ba, kuma a wurinsu saƙon da aka aika can an isar da shi, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Kai lauya ne, ka san ma'anar isar da sammaci.

Tun da na ambaci haka: abin da ka amince da shi kwangila ce, ka karanta ta kamar ta wanda kake karewa. A dokar kare masu sayayya ta Birtaniya kana da kwana 14 bayan karɓar gurbi da za ka iya janyewa. Ka nemo littafin jagoran kwas da ƙa'idojin jarrabawa, ka ja layi a ƙarƙashin ranar ƙarshe ta sauya darasi, ranar da kuɗin zango ke zama bashi a kanka ko ka halarta ko ba ka halarta ba, da iyakar shekarun da aka yarda ka kai kana ɗalibi.

Kuɗi

Kai a naira kake samu, a fam kake biya, kuma karatun shekara biyu ko uku ne. A watan Mayun 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. Babban Banki ya saki naira a Yuni, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023 ya tarar kuɗin makarantarsa ya ninka sau uku ba tare da jami'a ta ƙara ko sisi ba. A 2024 ne wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside suka kasa biya a kan lokaci, aka cire su daga rajista, aka sanar da hukumar shige da fice, har aka umarci wasu su bar ƙasar. Kai da ke gida ba za a kore ka daga ko'ina ba, amma za a rufe maka shafin darussa da ɗakin karatu, wataƙila ana saura mako guda ka miƙa aiki.

Dogon wa'adi na da nasa tsadar, ba zan ɓoye maka ba: jami'o'i kan ƙara kuɗi kusan kowace shekara, kuma ka fi daɗewa a hannun canjin kuɗi. Abin da nake ba da shawara shi ne ka tambaya ko ana biya darasi-darasi ne, wanda shi ne tsarin kwasa-kwasan intanet da yawa, sannan kada ka yi rajistar darasin da kuɗinsa bai riga ya zauna a asusunka na kuɗin waje ba. In za ka bi ta Fom A, wato takardar neman kuɗin waje a banki, ka fara da wuri, ka ajiye duk wata shaida, ka sanar da ofishin kuɗi na jami'a cewa biya na hanya kafin ranar ta cika. Kuma ka guji mai cewa ka ba shi naira zai biya maka da katinsa a kan rangwame. An sha biya da katin sata, bankin ya janye kuɗin, ɗalibi ya tashi da bashi da tuhuma.

Ka kuma san cewa tsarin na da ƙofofin fita. Kiredit 60 na ba ka satifiket na gaba da digiri, 120 difloma. In kuɗi ya yanke a tsakiya, tsayawa a kan ɗaya daga waɗannan iyakoki ya fi barin abu a warwatse. Don haka ka tsara darussanka uku-uku.

Zaɓen darussa

Sunayen darussan duk masu daɗin ji ne, kuma kowa yanzu ƙirƙirarriyar basira yake so. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wane aiki ne zai shigo ofishina a Kaduna cikin shekaru biyar masu zuwa?

In ni ne, kare bayanan mutane zan sa a gaba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta samu sa hannu a Yunin 2023, ta gaji ƙa'idar da hukumar bunƙasa fasahar zamani NITDA ta fitar a 2019, ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Gininta ya yi kama da na GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ran 25 ga Mayun 2018: dalilan halascin sarrafa bayanai, haƙƙoƙin mai bayanai, sanar da hukuma cikin awa 72 in an yi kutse, sharuɗɗan fitar da bayanai waje. Don haka abin da za a koya maka kan dokar Turai kusan kai tsaye zai yi maka amfani. Kuma hukumomin sun fara cizo: a 2024 NDPC ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, a shekarar ce kuma hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar dala miliyan 220, kotun sauraron ƙorafin gasa ta tabbatar da ita a Afrilun 2025. Asibitoci, makarantu masu zaman kansu, bankunan 'yan kasuwa ƙanana, ƙungiyoyin agaji masu tattara sunayen 'yan gudun hijira, duk suna buƙatar lauyan da ya san wannan.

Na biyu, laifukan intanet da shaidar lantarki, tun da kai mutumin kotu ne. Kana da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da gyaranta na 2024, musamman sashe na 24 da aka sha kama 'yan jarida da shi har Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Kana da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 da takardar shaidar da yake nema kafin a karɓi abin da kwamfuta ta fitar, wanda Kotun Ƙoli ta yi bayaninsa a shari'ar Kubor da Dickson. Darasin da zai nuna maka Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan laifukan intanet da yadda wasu ƙasashe ke karɓar irin wannan shaida zai sauya yadda kake yi wa shaida tambayoyi.

Na uku ka zaɓa bisa ga abokan hulɗarku: kwangilolin fasaha da kasuwancin intanet in kamfanoni ne, haƙƙin mallakar fasaha in kuna da masu fim da mawaƙa, tun da sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shigo da tsarin neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba izini. Darasin ƙirƙirarriyar basira ka ɗauke shi bayan na kare bayanai, domin dokar Turai kan wannan, wadda ta fara aiki ran 1 ga Agustan 2024, ba ta fahimtuwa sosai ga wanda bai san GDPR ba.

Kafin ka zaɓi kowane darasi ka duba abu biyu da ba a rubuta su da manyan haruffa: yadda ake auna shi, da zangon da ake bayar da shi. Darasin da makinsa ya dogara da aikin rukuni ko tattaunawar kowane mako ya fi wahala ga mai zuwa kotu a kan wanda ake aunawa da dogon rubutu ɗaya. Wasu darussan kuma ba kowace shekara ake yin su ba, wasu na cika da wuri. Ranar da aka buɗe zaɓe ka shiga.

Karatun kansa

A nan ne horonmu na gida ke iya cutar da kai. An horar da mu mu kawo sashe, mu kawo shari'a, mu jero abin da doka ta ce. A LLM wannan bai wuce makin 50 da 'yan kai ba. Malamin zai rubuta a gefen takarda cewa ka bayyana ne kawai, ba ka yi nazari ba, kai kuma ka rasa laifinka tun da duk abin da ka faɗa gaskiya ne.

Ga misali. An ce ka tattauna fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa. Amsar mai 55 za ta jero Babi na Biyar na GDPR, ta ba da labarin hukuncin Schrems na biyu na Yulin 2020 da ya rushe yarjejeniyar Turai da Amurka, ta ƙara da cewa sashe na 41 zuwa 43 na dokar Najeriya sun yi kama da haka. Amsar mai 70 za ta ɗauki matsayi tun a sakin layi na farko. Za ta ce, misali, Turai na iya gindaya wa duniya sharaɗi ne saboda girman kasuwarta, to ƙasar da kusan duk bayanan bankunanta da ƙananan kamfanoninta ke zaune a na'urorin wasu ƙasashe, me aro wannan sharaɗi zai haifar mata? Sannan ta kawo hujjar masu adawa da wannan ra'ayi da ƙarfinta, ta amsa. Rubutacciyar hujjar da kake miƙa wa kotu ce, sai dai an ɗora maka kawo ta ɗaya ɓangaren ma da gaskiya. Kuma sanin Najeriya da kake da shi jari ne: malamin ya karanta rubutu ɗari kan Turai, bai karanta biyar kan manhajojin bashi da ke aika wa dangin mutum saƙon cin mutunci ba. In ƙa'idar darasi ta yarda, ka riƙa jawo kowane rubutu zuwa gida, za ka ga kundin bincikenka na ginuwa tun daga zangon farko. Ka dai kiyaye, ba a yarda ka sake miƙa rubutun da aka riga aka ba ka maki a kansa ba, ko da naka ne.

Jerin abin karantawa na mako ba a karanta shi duka. Ka karanta na dole da kyau, dokar kanta da hukuncin kansa kafin sharhin kowa, sauran ka duba gabatarwa da kammalawa. Ka koyi tsarin OSCOLA na ambaton madogara a makon farko, ka sa manhajar adana madogara ta Zotero a kwamfutarka, duk abin da ka karanta ka shigar da shi nan take da lambar shafi. Yawancin abin da Turnitin, manhajar gano kwafen rubutu, ke kamawa a wurin mutanenmu ba sata ce da gangan ba: mutum ya kwafo sakin layi cikin bayanansa da dare, bayan wata guda ya manta ba nasa ba ne. Kwamitin ladabtarwa ba ya duba niyya sosai, kuma hukuncin rashin gaskiya a fayil ɗin lauya ba ƙaramin tabo ba ne. Haka batun ChatGPT da 'yan uwansa: kowace jami'a na da ƙa'idarta, wani lokaci kowane darasi, ka karanta ta. Za ma a koya maka labarin lauyoyin New York da kotu ta ci tarar dala 5,000 a 2023 saboda sun miƙa shari'o'in da manhajar ta ƙirƙira.

Lokacin karatu kuwa, abin da na ga ya fi ɗorewa shi ne awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, da dogon zama ɗaya ran Asabar. Karatun dare bayan wunin kotu yaudarar kai ne. Ka zauna da maiɗakinka ka nuna mata kalandar zango, ranakun miƙa aiki a ja, domin ita ce za ta ɗauki abin da ka ajiye. Ka gaya wa babban lauyanku tun yanzu, ka nemi a rage maka fita waje a makonnin nan. In ya ga ofis zai amfana da sabon fanni, wataƙila ma ya sa hannu a kuɗin.

Sai agogo. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Birtaniya da namu ɗaya ne. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gabansu da awa guda. Duk wa'adi da agogonsu ake lissafa shi, kuma ranar da suka sauya ne mutane ke shiga aji a makare ko su miƙa aiki bayan lokaci.

In abu ya rikice

Zai rikice, ko rashin lafiya, ko rasuwa, ko shari'ar da ta zo ba zato. Jami'o'in na da hanyoyi uku: ƙarin 'yan kwanaki a kan wa'adi, bayyana uzuri na musamman don kwamitin jarrabawa ya duba, da dakatar da karatu na zango ko shekara. Dukkansu sun fi aiki in ka nema kafin ranar, da shaida. Wanda ya miƙa a makare ba izini, a wurare da dama maki biyar ake cire masa kowace rana, bayan mako guda a ba shi sifili. Ɗauke wuta da yankewar intanet da lalacewar kwamfuta ba kasafai ake karɓarsu a matsayin uzuri ba, don haka ka miƙa kwana guda kafin wa'adi, ka ajiye layin wani kamfanin waya na biyu. Ɗabi'armu ta jin nauyi da cewa bari in daure ita ce ke cutar da mu a nan. Layi uku ga mai kula da kwas, cewa mahaifina na asibiti, ga takarda, ina neman mako guda, sun isa. In an yi maka hukuncin da kake ganin ba daidai ba, akwai ɗaukaka ƙara a cikin jami'a, bayanta kuma a Ingila da Wales akwai ofishin OIA mai zaman kansa, a Sikotland akwai SPSO. Sai dai ba sa taɓa hukuncin malami kan darajar rubutu, tsari kawai suke dubawa.

A kundin bincike, in za ka yi hira da mutane ko ka raba takardar tambayoyi, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kafin ka fara, kuma wannan na cin makonni. Ga mai kalmomi dubu goma da aikin ofis, binciken da ya tsaya kan dokoki da hukunce-hukunce ya fi aminci.

Ko ka tafi can?

Zama a Landan a cibiyar nazarin dokar kasuwanci ta Queen Mary, ko a Edinburgh, na ba ka abin da intanet ba ta bayarwa: mutane, tarurruka, da shekara guda ba kotu. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na neman aƙalla shekara biyu na aiki, kana da su, kuma sharaɗinsa ka dawo gida ka yi shekara biyu, amma na masu zuwa can ne, ba ya biyan karatun nesa. Sai ka auna cewa tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na darussa ba ya tafiya da iyali a kan bizar ɗalibi, aiki kuma awa 20 a mako aka yarda a lokacin zango. Karatun intanet ba ya ba ka bizar zama bayan kammalawa, LLM kuma ko wane iri ne ba ya mayar da kai lauyan Ingila. Wannan sai ta wata jarrabawar ƙwarewa daban, irin SQE. In kana son gwada sa'ar tallafi, ka tambayi jami'ar ko za ta ɗage maka gurbin shekara guda, da sharuɗɗan ɗagewar a rubuce.

Abin da na faɗa duk a kan tsarin Birtaniya ne, kuma inda maganata ta saɓa da littafin ƙa'idojin jami'arka, littafin za ka bi. Dokokin biza ma na sauyawa, ka duba shafin gwamnatinsu ranar da za ka yanke shawara. In burinka koyarwa ne a jami'ar Najeriya ko ƙarin girma a aikin gwamnati, ka sami amsa a rubuce daga wurin da kake nufi cewa suna karɓar digirin da aka yi daga nesa, kafin ka biya fam ɗaya. In kuma abin da kake so kawai ka fara karɓar aikin jami'in kare bayanai, takardar ƙwarewa irin CIPP/E ta ƙungiyar IAPP na iya kai ka can cikin 'yan watanni da kaso kaɗan na kuɗin, LLM ɗin ya biyo baya lokacin da aikin ya fara biyan kansa.